Gwangwanin Matattun Kuɗi: Tarihin New Bell a Jikin Ƙarfe

A gidajen Hausawan New Bell da yawa akwai wani gwangwani da ba ya shiga lissafin gado. Galibi na madara ne ko na tumatir, yana ƙarƙashin gadon tsohuwa ko a ƙasan adaka. In an buɗe shi sai a tarar da sulallan da kasuwa ta daɗe da daina karɓa: kwabo mai huji, faran mai zakara, wata ƙatuwar azurfa mai hoton mace, wani lokaci har da lambar soja da ƙyallenta ya ruɓe. Matattun kuɗi muke ce musu. Na shafe shekaru ina bin irin waɗannan gwangwanaye a unguwarmu, ina roƙon a bar ni in duba, in auna, in rubuta. Abin da na fahimta shi ne, su ne kundin tarihin da muka fi iya adanawa a Duwala, kuma muna gab da rasa shi ta hanya biyu: ko mu sayar wa mai narkarwa a kan sikeli, ko mu bar ruɗin arziki ya hana mu karanta abin da ke rubuce a jikinsu.

Mai karatu zai ce, me ya sa sai ƙarfe? Duwala gari ne da ruwan sama ke kai kusan milimita 4,000 a shekara. Takardar da za ta shekara ɗari a Kano ba ta yi komai ba, a nan laima da gara da ambaliya ba sa barin ta ta ga jikoki. Abin da ruwa ya bari kuma gobara ta sha cinyewa. Takardun da suka tsira na ofisoshin Turawa ne, kuma a cikinsu sunanmu “baƙi” ne kawai. Har littafin da Lynn Schler ta fitar a 2008 kan tarihin unguwar, da wannan suna ya kira mazaunanta. Sulai kuwa ba ruwansa da laima. Yana zaune da shekararsa da sunan wanda ya buga shi, yana jiran mai karantawa.

Kafin mu juye gwangwanin, ya kamata mu san inda yake ajiye. A watan Yulin 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kawo Jamus. Daga wajen 1910 Jamusawa suka ƙudiri ƙwace filayen bakin kogin Wuri don Turawa zalla, su tura 'yan ƙasa baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani. Wurin da aka ware wa mutanen Bell shi ne Neu-Bell, wato New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914 tare da Ngoso Din. Bai cika wata biyu ba sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin, ranar 27 ga Satumba. 'Yan ƙasa ba su rungumi unguwar da aka tilasta musu ba, sai ta zama masaukin kowa: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen Togo da Dahome da Saliyo. Kakannin da yawanmu sun sauko ne ta Yola da Ngaundere da Tibati da Yoko, suna fataucin hauren giwa da danƙo da goro da shanu. Kowane zango suka yi, akwai kuɗin da suka tsinto.

Abin da ke can ƙasan gwangwani shi ne wuri. Kalmar “kuɗi” kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs da gaɓar gabashin Afirka ake kawo shi, kuma lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke daidai da azurfa guda ta Turawa. Wuri ba shi da shekara a jiki, don haka abin da zai faɗa maka kaɗan ne: in bayansa a fashe yake, an taɓa shirya shi a zare.

Azurfar da Barth ke nufi ita ce abu na biyu, kuma ita ta fi jawo rigima. Liyari ne mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, a bayansa gaggafa mai kai biyu, da shekarar 1780. Ba na iya ƙirga mutanen da suka kawo mini shi a naɗe cikin tsumma, suna magana ƙasa-ƙasa, wai ya haura shekara ɗari biyu, wai wani Bature zai biya miliyoyi. Gaskiyar ita ce 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce. 'Yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu sun saba da kamanninsa, ba sa karɓar wanda aka sauya, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya tak. An buga a Biyana, an buga a Roma daga 1935, an buga a Landan da Faris da Burusel, har da Bombai lokacin yaƙin duniya na biyu. Jimillar abin da aka buga ya haura miliyan 300. Saboda haka liyarin kakarka zai iya zama sa'an mahaifinka.

Wannan bai rage masa daraja a wurina ba. Azurfa ce ta gaske, nauyinta giram 28 da ɗigo kaɗan, kashi 833 cikin 1,000 tsantsar azurfa. Da ita aka biya sadaki, da ita aka yi guzurin Makka a ƙafa, ita maƙeran fari suka narka suka yi wa iyayenmu mata munduwa da zobe. Gane ta ba wuya. A ɗora a sikelin masu zinariya. A kawo maganaɗisu, in ya kama ta to ba azurfa ba ce. A duba gefenta, akwai rubutu mai tudu na kalmomin Latin da ke nufin adalci da rangwame, a ƙarƙashin hoton kuma akwai haruffa biyu, S.F. Ta jabu galibi zubi ake yi a ƙasa, shi ya sa za ka ga ƙananan ramuka a fuskarta da layin haɗi a gefe, in ka jefa ta a siminti kuma sai ta yi “ƙwal” maimakon amo mai tsawo. Kama da wane ba ta wane.

Daga zamanin Jamus abin da ake samu mak ne da fenik irin na can ƙasarsu. Jamus ta buga wa mulkinta na gabashin Afirka rufi na musamman, ta buga wa Niyu Gini nata, amma Kamaru ba ta samu sulai mai sunanta ba. Duk wanda ya nuna maka ƙarfe mai “Kamerun” ya ce kuɗin kashewa ne na wancan lokaci, to ko dai lambar tunawa ce ko kuwa aikin jiya. Lambobin kam akwai su. A 1912 Sarki Wilhelm na biyu ya ƙirƙiro lambar yaƙe-yaƙen mallaka, wadda ake maƙala wa ɗan ƙarfe mai sunan ƙasa da shekarar yaƙi, kuma Kamaru na cikin sunayen.

Sai kuɗin Ingila, waɗanda harshenmu ya fi riƙewa: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka, fam. Me ya kawo su Duwala, garin Faransa? Ƙetaren kogin Mungo ƙasar Ingila ce tun rabon 1916, kuma fam ake kashewa a Tiko da Kumba da Biktoriya har 1962, bayan haɗewar 1 ga Oktoban 1961. Ga kuma zirga-zirgar Kalaba da Yola da ba ta taɓa tsayawa ba. Anini na farko, na 1907, da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin sulallan kashewa na farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Laima ta ci shi, sai a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. A jikinsa akwai tauraro mai tsini shida, wanda ya zauna a tutar Najeriya ta mulkin mallaka, da ƙimarsa a rubutun Larabci. Bature ya san mutanen da yake so su bar wuri su karɓi ƙarfe ajami suke karantawa. Hujin tsakiya kuma don a shirya shi a zare ne kamar yadda aka saba da wuri. In ka sa gilashin ƙara girma za ka ga ɗan harafi: H na masana'antar Heaton ne a Bamingam, KN na King's Norton, SA na Firitoriya.

A nan ne maganar kuskuren bugu ta fi daɗi. Sarki Edward na takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disamba, kuma ba a taɓa sakin sulai mai hotonsa a kasuwar Ingila ba. Amma kwabo da ɗari da anini na Afirka ta Yamma ba sa ɗaukar hoto saboda huji, suna kawai ake rubutawa, sai aka buga miliyoyinsu da sunansa. Mutane kan ɗauka wannan kuskure ne mai tsada. Ba kuskure ba ne, kuma yawansa ya sa ba shi da tsada. Kuskuren gaske shi ne wanda masu wannan harka ke kira da sunan alfadari, wato uwa daban uba daban: a haɗa hatimin fuskar wani sulai da hatimin bayan wani. Akwai kwabon 1945 mai sunan Edward, shekara tara bayan saukarsa. Akwai kwabon 1956 mai sunan Joji na shida, alhali ya rasu tun 1952 kuma 'yarsa Elizabet ce a kan gado. Wani ma'aikaci ne a Bamingam ya ɗauko tsohon hatimi ya ɗaura a injin, kuskurensa ya hau jirgin ruwa ya zo ya sayi ƙosai a wajenmu. Don haka duk kwabo mai huji da ya zo hannunka, ka karanta sunan sarki, ka juya ka karanta shekara, ka tambayi kanka ko sun yi zamani ɗaya.

Kuɗin Faransa su ne mafi yawa, kuma in ka jera su a tabarma bisa shekaru, za ka ga sunan ƙasar nan yana sauya riga. Na 1924 zuwa 1926, santim 50 da faran 1 da faran 2, masu ruwan ɗorawa, sun ce Kamaru ƙasar riƙon amana ce a hannun Faransa. Na 1943 jajaye ne, da zakara a fuska ɗaya da gicciye mai hannu biyu a ɗayar, kuma harafin da ke jikinsu SA ne. Dalili kuwa Faris na hannun Hitila a lokacin. Leclerc ya shigo Duwala a kwalekwale daren 26 wayewar 27 ga Agustan 1940 ya karɓe garin da sunan Janar de Gaulle, wanda shi ma ya sauka a nan ranar 8 ga Oktoba, saboda haka sai Afirka ta Kudu aka je aka buga musu kuɗi. Iri biyu ne: wani ya ce “Cameroun Français”, wani ya ƙara kalmar “Libre”, wato 'yantacciya. Ƙarin kalma ɗaya ce, amma mai tarawa dole ya nemi duka biyun. Bayan an ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamban 1945 sai ga na 1948, faran 1 da 2 na alminiyam masu kan barewa. A 1958 aka fito da 5 da 10 da 25 masu kawunan manyan namun daji uku dangin gwanki, zanen da ya zauna a aljihunmu shekara da shekaru.

Su ma suna da ƙananan alamomi. Ƙaho cike da 'ya'yan itace alamar gidan buga kuɗi na Faris ce. Kusa da shi akwai alamar babban mai zane na lokacin: sandar wuta ta Patey, fiffike na Bazor, mujiya ta Joly, kifin dolfin na Rousseau. In alamar ba ta dace da shekarar ba, ka yi shakka. Hamsin-hamsin da aka fara bugawa a 1976 kuma suna da harafin ƙasa: A Cadi, B Afirka ta Tsakiya, C Kongo, D Gabon, E Kamaru. Wanda aka rubuta wa “ESSAI” na gwaji ne, ba a yi shi don kasuwa ba. Sannan ga wani tarko da ya kama mutane da yawa: in ka juya sulan da aka buga a Faris daga dama zuwa hagu, bayansa a kife zai fito. Al'adar bugunsu ce haka, ba kuskure ba. Haka ɗarin nikel ta da, maganaɗisu yana kama ta, domin halin nikel zalla ke nan, ba don akwai wani sinadarin asiri a cikinta ba kamar yadda 'yan damfara ke yaɗawa.

Kuskuren injin yana da kamanninsa: zanen ya goce gefe ya bar fili kamar jinjirin wata, ko rubutu ya fito biyu-biyu, ko wani siririn layi mai tudu inda hatimi ya tsage. Abin lura shi ne tudu. Abin da ya faru a injin yakan taso sama, abin da wuƙa ko zarto ya yi daga baya yakan nutsa ciki. Mu da muka tashi kusa da layin dogo mun san yadda sulai ke komawa in yaro ya ɗora shi jirgi ya bi ta kai. Na ga irinsa a hannun wani yana neman mai saye da sunan kuskuren Faris.

Akwai kuma ƙarfen da ba kuɗi ba ne, amma ya fi kuɗi nauyi a zuciya. Shi ne abin da Faransawa ke kira jeton na haraji, ɗan ƙarfe mai huji da shekara, shaidar cewa mutum ya biya kuɗin kansa. A zamanin dokar indijena, wadda ba a soke ta ba sai 1946, baƙon da aka tare ba shi da shaidar haraji yana iya kwana a kurkuku ko ya tsinci kansa a aikin tilas. Wani dattijo a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa gaya mini mahaifinsa a ɗamara yake ɗaure nasa tare da laya, ko wanka zai yi ba ya cirewa. Wanda ya tsinci irin wannan a gidansu ya tsinci takardar zaman kakansa a Duwala.

Lambobin soja su ne suka fi ba ni tausayi. Na Ingila na yaƙin 1914 zuwa 1918 suna ɗauke da lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, a gefe ko a baya, don haka ana iya bin sawun mai ita. Na Faransa galibi ba suna, sai dai ɗan ƙarfen da ke kan ƙyalle ya ce Kufra ko Fezzan, wuraren da sojojin Leclerc suka yi yaƙi a hamadar Libiya. Irin wannan in ta rabu da gidan mai ita, ta zama marainiya har abada. Mai son ya ga yadda ƙirji ɗaya ke ɗaukar tarihin dauloli biyu, ya dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja a rundunar Jamus ta Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai babban saje-manja, ya samu lambobinsu na bajinta, yau ga barikin soja da sunansa a Lokoja. Shi an rubuta nasa. Ɗaruruwan irinsa, abin da ya rage musu shi ne ƙarfen da ke cikin gwangwani.

Sulan da na fi yawan ɗauka in duba shi ne hamsin ta tunawa da 'yancin kai. An rubuta mata 1 ga Janairun 1960 da taken ƙasa: zaman lafiya, aiki, ƙasar haihuwa. Amma New Bell ce cibiyar tarzomar Mayun 1955 da ta kai ga haramta jam'iyyar UPC, an kashe Ruben Um Nyobè a daji ranar 13 ga Satumban 1958, kuma ranar 24 ga Afrilun 1960, wata huɗu bai cika ba da shekarar da ke jikin sulan, gobara ta cinye unguwar Kongo da ke maƙwabtaka da mu, har yau ana jayayya a kan wanda ya kunna ta. Sulai yana faɗar abin da mai mulki yake so a tuna ne. Sauran labarin yana bakin wanda ya riƙe shi, shi ya sa ƙarfe ba tare da mai shi ba rabin shaida ne.

Yau kowa a Duwala ya san wahalar canji. Jaridu sun sha ba da labarin masu tara sulalla suna fitar da su waje don ƙarfensu, har babban bankin BEAC ya fito da sababbi a 2025. In wanda ake kashewa bai tsira ba, ina ga matacce? Masu sayen tsohon ƙarfe suna zagaya lungu, maƙeri yana jiran liyari, dillalin kayan tarihi kuma zai ba ka abin da bai kai kuɗin cefane ba ya kai wa 'yan yawon buɗe ido. A ɗaya gefen ga wanda ya ɓoye nasa yana jiran miliyoyi, bai bar ko 'ya'yansa sun gani ba, ranar da ya faɗi a share da shara.

Shawarata ga 'yan'uwa ba ta buƙatar ko sisi. Kada a goge tsohon sulai da toka ko lemun tsami ko yashi, domin baƙin da ke jikinsa kariya ce, gogewa kuma tana kashe rubutu da daraja gaba ɗaya. A raba su, kowanne a 'yar takardarsa, a sa a kwalba mai murfi nesa da laima. A ɗauki hoton fuska da baya da gefe da waya. Mafi muhimmanci, a zauna da tsohuwar da ke da gwangwanin tun tana da rai, a tambaye ta: Hajiya, wannan na wane ne, daga wane gari ya zo da shi, me ya sa ba a kashe shi ba? A rubuta amsar da boko ko da ajami a haɗa da sulan. In gida goma a New Bell suka yi haka, makarantun unguwa za su samu abin koya wa yara hanyar da kakanninsu suka biyo daga Kano zuwa bakin Wuri, da shekarunta da sunayen zangonta, abin da yaro zai riƙa a tafin hannunsa ya juya. Allah ya jiƙan waɗanda suka tara, ya ba mu ikon riƙewa.